Kafin Ku Sayo Maganin Feshi: Yadda Za a Gane Abin da Ke Damun Bishiyoyin Inuwa

Karatu: Luka 13:6-9

Darasinmu na wannan fitowa a kan bishiyoyin inuwa ne, waɗanda aka dasa a harabar majami'a, da filin makaranta, da ƙofar gidan fasto, da bakin hanyar shiga gari. Yawancinsu an dasa su ne don inuwa da tare iska da ƙawata wuri. A ƙarƙashinsu ake makarantar Lahadi idan ɗaki ya yi kaɗan, nan Zumuntar Mata take koyon waƙa, nan kuma ake zaman biki da na makoki. Idan dogonyaro mai shekara 20 ya mutu, yaran da ke zama a gindinsa yau sai sun yi aure kafin wani ya kai girmansa.

Kowace shekara, tsakanin Fabrairu da Mayu, saƙo iri ɗaya yake zuwa mana daga ikilisiyoyi: ganyen bishiyarmu ya koma rawaya, rassan sama suna bushewa, a taimake mu da maganin feshi. Ba mu cika aikawa da maganin ba, kuma ga dalili. Rawayar ganye kamar zafin jiki ce ga mutum. Zafin jiki yana iya zama zazzaɓin cizon sauro, yana iya zama taifot, yana iya zama ƙurji ne ke fitowa. Malamin asibiti nagari ba ya yin allura sai ya yi tambaya ya duba. Haka bishiya take. Sau da yawa ciwon yana gindi ko cikin ƙasa, ganye dai shi ne ya fara nunawa. Wanda ya fesa wa ganyen magani ya ɓata kuɗin baiko, ya zuba guba inda yara ke wasa, bishiyar kuma ta ci gaba da mutuwa.

Abin da ya sami dogonyaro sau biyu

Dogonyaro, wanda wasu ke kira darbejiya ko maina, a Nijar kuma bedi, baƙo ne a ƙasarmu. Asalinsa daga Indiya da Bama yake. A Nijeriya an fara dasa shi a lardin Borno a 1928. Da aka ga yana jure fari, sai aka cika garuruwa da shi. A kwarin Majiya, cikin jihar Tawa ta Nijar, ƙungiyar CARE da mutanen ƙauyuka sun fara dasa shi layi-layi a 1975 don tare iska daga gonakin gero.

A tsakiyar shekarun 1980 dogonyaro ya fara bushewa a ƙasashen da ke kewaye da Tafkin Chadi. Bishiyoyin suka zama kamar wuta ta babbake su. Da aka juya ganyen aka duba da kyau, sai aka ga wani ƙaramin ƙwaro mai launin rawaya, a shimfiɗe kamar ƙwayar gero da aka latse, ya manne yana tsotsar ruwan ganye da na ƙananan rassa. Wannan karon ƙwaro ne da gaske. Abin mamaki, itacen da muke daka 'ya'yansa don korar ƙwari daga wake, shi ma ashe yana da nasa maƙiyin.

A ƙarshen 1990 sai wani ciwon ya bayyana a Nijar, aka kuma gan shi a arewacin Nijeriya da wasu ƙasashen maƙwabta. Tsofaffin ganye suna yin rawaya su zube, a bar dogon reshe tsirara da ɗan tulin ganye a bakinsa. Masana suka ba wannan kama suna wuyan raƙumin dawa. Wasu rassan suna fitar da ƙaro, daga nan su bushe. Hankalin mutane ya tashi, aka ɗauka annoba ce mai yaɗuwa. Masana cututtukan itatuwa suka zo a 1991 da 1992, suka binciki ganye da rassa da saiwa, amma ba su sami wata ƙwayar cuta da za a ɗora wa laifin ba. Abin da suka gani shi ne ciwon ya fi tsanani inda ƙasa ba ta riƙe laima, ko ta daskare da tattakawar mutane da dabbobi, ko bishiyoyin sun yi cunkoso suna rububin ɗan ruwan da ke akwai. Ƙishirwa ce da wahala. Da an kwashe dukan maganin feshin da ke kasuwa an zuba musu, ba abin da zai sake.

Itace ɗaya, ganye mai rawaya da busassun rassa sau biyu, amma dalili dabam-dabam. Saboda haka sai an duba.

Wace bishiya ce, wane lokaci ne?

Ku fara da wannan, don kada a yi jinyar mai lafiya. Kuka takan kaɗe ganyenta da rani ta tsaya tsirara. Gawo kuwa da damina yake zubar da nasa, ya yi kore shar lokacin da sauran suka bushe. Malaina takan zubar da ganye da hunturu. Dogonyaro ma, a wurare masu ƙarancin ruwa, yakan zubar da tsofaffin ganye wajen Fabrairu ko Maris, ba da jimawa ba sabon toho mai ja-ja da furanni su biyo baya. Sabon tohon mangwaro ja ne ko launin hanta, yana rataye kamar ya yi yaushi, bayan 'yan makonni ya zama kore. Duk waɗannan ba ciwo ba ne. Ku tambayi dattawa ko bishiyar ta saba yin haka a wannan wata.

Daga nan ku ja da baya kamar taku 20, ku dubi wurin gaba ɗaya. Idan iri ɗaya ne kawai yake ciwo, misali dukan dogonyaron, ga turare da maɗaci a kusa lafiya lau, to ana iya zargin ƙwaro ko cuta, domin yawancinsu suna da itacen da suka fi so. Idan kuwa dogonyaro da gwaiba da furannin bakin tagar majami'a da ciyawar ƙasa duk sun lalace tare, a gefe ɗaya na fili, ba cuta ba ce. Wani abu ne ya faru da wurin, ko fari, ko ruwa ya kwanta, ko wuta, ko maganin ciyawa. Ku lura kuma ko ciwon ya zo dare ɗaya ne ko a hankali. Cuta da ƙwari sukan fara daga wuri ɗaya su yi ta ci. Abin da ya ƙone ganye duka cikin kwana biyu, yawanci hannun mutum ne ko yanayi.

Abin da ganye yake faɗa

Ku tsinko ganye daga wuri uku, na ƙasa kusa da jikin bishiya, na tsakiya, da sabon toho na bakin reshe. Ku tsinko na wata bishiya mai lafiya iri ɗaya ku ajiye kusa don gwadawa.

Idan tsofaffin ganye ne suka yi rawaya gaba ɗaya, har da jijiyoyinsu, sababbin kuma suna da ɗan kore, bishiyar tana kwashe abinci daga tsohon ganye tana kai wa sabo. Manomi ya san wannan kama a masarar da ba ta sami taki ba. Ƙarancin sinadarin da ke cikin takin yuriya ne, ko kuma saiwar ce ta kasa ɗaukarsa. Idan sabon ganye ne ya yi fari-fari ko rawaya, jijiyoyinsa kuma suka tsaya kore kamar zanen raga, wannan ƙarancin sinadarin ƙarfe ne. Yawanci ƙarfen yana nan cikin ƙasa, amma ƙasar ta yi kanwa-kanwa har saiwa ba ta iya shansa. Toka mai yawa, da ragowar siminti da farar ƙasa da magina suka bari, da ruwan sabulun wanki na kullum, duk suna jawo haka. Lemu da gwaiba da furen kallo sun fi saurin nuna shi. Ƙarin toka a gindin irin wannan bishiya ƙarin ciwo ne.

Idan bakin ganye da gefensa ne suka ƙone, tsakiya kuma tana kore, ruwa ne ba ya isa can. Iskar hunturu da zafin bazara suna yin haka, gishirin takin zamani da aka tula a gindi ma yana yi. Idan ganyen ya yi baƙi kamar an shafa masa kunkunniya, ku jiƙa yatsa ku goga. In baƙin ya fita ya bar kore a ƙasa, ku juya ganyen, za ku ga ƙananan ƙwari masu tsotso, wasu farare kamar auduga. Wani ruwa mai zaƙi suke fitarwa, baƙin kuma a kansa yake tsirowa, shi ya sa tururuwa ke hawa da sauka. A kan ƙaramar bishiya, wanke ganyen da ruwa mai ɗan sabulu da yamma, sau ɗaya a mako har sau uku, yakan rage su ƙwarai.

Maganin ciyawa yana da nasa hannun, kuma yanzu da kusan kowane gida yake da famfon feshi, muna ganinsa fiye da dā. Mai ƙona ciyawa nan take yakan bar ɗigo-ɗigon ƙuna a gefen da iska ta fito. Wani yakan sa ganye ya murɗe ya lanƙwashe kamar cokali. Wani kuma sai bayan makonni sabon toho ya fito ƙanana, sirara, a cunkushe, masu rawaya. Ku tambayi wanda ya share harabar majami'a da feshi kafin babban taro, ku tambaya kuma a ina aka wanke famfon. Sau da yawa a inuwar bishiyar aka wanke shi, domin nan ne wurin hutawa.

Reshe, ɓawo da gindi

Kada ku ce reshe ya mutu don ba shi da ganye. Ku kankare ɓawonsa kaɗan da farce ko wuƙa. Idan ƙarƙashin kore ne mai laima, da ransa. Idan launin ƙasa ne busasshe kuma yana karyewa ƙas, ya mutu. Ku yi ta kankarewa kuna gangarowa har ku iske inda mataccen ya haɗu da mai rai. A nan amsar take sau da yawa: ramin tsutsa da garin itace a bakinsa, ko wurin da ɓawo ya lotsa ya yi baƙi yana fitar da ƙaro, ko kumburin da kauci ya kafa. Kauci tsuntsaye ne ke kawo irinsa mai danƙo, ya kafa saiwa cikin reshe yana shan ruwan bishiyar, har abin da ke gabansa ya bushe. Tsinke ganyensa ba ya kashe shi, sai an yanke reshen a bayan kumburin. Ƙaramin maɗaci kuma akwai tsutsar da ke shiga tohonsa na sama ta cinye cikinsa, kan ya bushe, bishiyar ta yi rassa biyu ko uku a maimakon ɗaya. Ba ta cika kashe shi ba. Ku zaɓi toho ɗaya mai ƙarfi ku cire sauran.

Yanzu ku durƙusa a gindi, domin nan ne aikin yake. Ruwa yana hawa daga saiwa zuwa ganye ta cikin itacen. Abincin da ganye ya haɗa kuma yana saukowa zuwa saiwa ta wani siririn sashe da ke manne a bayan ɓawo. Idan aka yanke ɓawon ya zagaye jikin bishiya, an datse hanyar abinci ke nan. Ganyen zai iya zama kore har shekara guda ko fiye, tun da ruwa yana hawa, amma saiwar tana mutuwa da yunwa a ɓoye. Ranar da saman ya bushe, kowa ya riga ya manta da abin da aka yi wa gindin.

Ku duba ko masu ɗiban sassaƙe sun zagaye maɗacin ko dogonyaron. Ba a hana neman magani ba, amma a ɗiba a gefe ɗaya, tsaye, kaɗan, a bar wurin ya warke. Ku duba ko akwai waya ko igiyar roba da aka ɗaura don shanya, ko turken akuya, ko lasifikar taro, bishiyar ta yi ƙiba ta haɗiye ta. Ku duba ko ana tara shara a gindi ana cinna mata wuta. Wannan al'ada ta kashe bishiyoyin majami'a da yawa. Masu shara ran Asabar sukan tara ganye a jikin bishiyar, wutar ta dafa ɓawon gefe ɗaya, shekara ta zagayo a dafa ɗaya gefen.

Sai ƙasar kanta. Saiwoyin da ke shan ruwa da abinci ƙanana ne kamar gashi, yawancinsu suna cikin santimita 30 zuwa 60 na saman ƙasa, kuma sun bazu har sun wuce iyakar inuwar. Suna bukatar iska kamar yadda suke bukatar ruwa. Filin da ake sharewa ƙal kowane mako, ana ajiye babura da motoci, jama'a suna tattakawa shekara da shekaru, yakan zama fako. Ruwan sama ya zo ya wuce bai shiga ba. Ku gwada soka ƙarfe ko tsinin sanda bayan an yi ruwa. In bai shiga tsawon yatsa ba, kun ga dalili. Haƙa harsashin sabon gini, ko lambatu, ko ɗiban ƙasar bulo kusa da bishiya yana yanke saiwa, rassan wannan gefen kuma su bushe bayan shekara ɗaya ko biyu. Tula ƙasa a gindi, ko zagaye shi da dakalin siminti don a sami wurin zama, yana shaƙe ta.

Ruwa mai yawa ma yana kisa, kuma alamarsa tana kama da ta ƙishirwa: ganye ya yi yaushi, ya yi rawaya, ya zube. Dogonyaro musamman ba ya son ruwa ya kwanta masa. Ku tona rami mai zurfin tafin hannu biyu a bakin inuwa. Saiwa mai lafiya fara ce a ciki, mai ƙarfi. Wadda ruwa ya kashe baƙa ce, ɓawonta yana saɓulewa, ƙasar kuma tana wari. Bishiyar da ke bakin rijiyar burtsatse ko makwararar bayan gida, a fara zargin wannan.

Idan dashen shekara biyu ko uku ne ya tsaya ba ya girma, ku tona gefensa a hankali. Sau da yawa za a iske ledar da aka raino shi a ciki tana nan, saiwa ta nannaɗe kanta, ko kuma an binne wuyansa da zurfi. Game da gara, gaskiya tana cin saiwar ƙaramin dashe, musamman turare. Amma a babbar bishiya yawanci mataccen ɓawo take bi. Ganin ginin gara a jikinta yana nuna wani abu ya riga ya raunana ta, sai a nemi wannan abin.

Mai lambu da ɓaurensa

A karatunmu, Yesu ya ba da misalin wani mutum mai itacen ɓaure wanda ya shekara uku bai ba da 'ya'ya ba. Mai gonar ya so a sare. Mai lambun ya roƙi shekara guda, ya yi masa kaftu ya zuba taki, in bai yi ba sai a sare. Misalin a kan tuba yake da haƙurin Allah, fasto zai buɗe mana wannan. Amma ku lura da aikin mai lambun. Gindi ya nufa, ya kuma sa wa'adi.

Haka za mu yi wa bishiyar da ta wahala amma rassanta da yawa suna da kore a ƙarƙashin ɓawo. A cire abin da ke cutar da ita tukuna: a kwance waya, a daina wuta, a kau da ruwan wanki, a buɗe wa ruwan da ya kwanta hanya. A sassauta saman ƙasa da fartanya sama-sama, kada a zurfafa a yanke saiwa. A baza ruɓaɓɓen takin gargajiya a bakin inuwa, ba a jikin bishiya ba. A rufe da busasshen ganye ko ƙaiƙayi mai kaurin yatsu huɗu, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da ɓawo saboda gara da ruɓa. Ganyen da ake ƙonawa ran Asabar shi ne abincin bishiyar. A yi ɗan kunya mai kamar rabin wata a gefen gangare don ta tare ruwan sama. Ƙaramin dashe a ba shi jarka ɗaya mai lita 20, sau ɗaya ko biyu a mako da rani, a zuba a hankali ya nutse. Yayyafa kofi ɗaya kullum yana sa saiwa ta tsaya a sama. Kada a zuba takin zamani a busasshiyar ƙasa.

Matattun rassa a yanke su da rani, da zarto mai kaifi. Idan ɓawon ya yi baƙi yana fitar da ƙaro, a yanka kamar taƙi ɗaya cikin sashe mai lafiya, a kwashe abin da aka yanke a ƙone nesa. A tsoma zarton cikin ruwan Jik kashi 1 da ruwa kashi 9 kafin a taɓa wata bishiyar. Babban reshe a fara yi masa ɗan yanka ta ƙasa kafin a yanko ta sama, don kada ya faɗo ya yage ɓawo. A yanka dab da kumburin da ke gindin reshen, kada a bar dungu. Ba sai an shafa fenti ba, baƙin mai kuwa cutarwa yake. Bayan haka a jira damina guda a ga sabon toho.

Akwai kuma bishiyar da ba a ba ta wa'adi. Idan wani abu mai kama da naman kaza, mai tauri, ya fito a gindi kamar faifai, saiwa da cikin itacen sun riga sun ruɓe, kuma ba maganin da ke gyara wannan. Haka nan idan bishiyar ta fara karkata ƙasa tana tsagewa a bayanta, ko kogon da ke cikinta ya cinye yawancin kaurinta, ko fiye da rabin rassanta sun mutu. Irin wannan tana iya zama da koren ganye har ranar da iskar farkon damina za ta kayar da ita a kan rufin majami'a ko a kan yara. Dattawan ikilisiya su hana zama a ƙarƙashinta tun yau, su kira ma'aikacin gandun daji na ƙaramar hukuma ya duba, domin a wurare da yawa sai da izini ake sare bishiya. A sami waɗanda suka iya aikin da igiya, kada a tura matasa su hau ruɓaɓɓen itace da gatari. A tono kututturen gwargwadon iko, sabon dashe kuma a sa shi a wani ramin dabam. In fili duka dogonyaro ne, a gauraya da maɗaci, tsamiya, durumi ko ceɗiya, amma durumi da ceɗiya a nisanta su da gini da rijiya saboda saiwarsu.

Aikin wannan mako

Bayan sujada, ku rabu ƙungiya-ƙungiya, kowace da dattijo ɗaya wanda ya san tarihin wurin. Ku zagaya bishiyoyin harabar ɗaya bayan ɗaya. Sakataren ikilisiya ya rubuta irin bishiyar, da wane ganye ne ya sake launi, da abin da aka gani a gindi, da abin da aka yi a wurin cikin shekara biyu da suka wuce. Wadda ta gagare ku, ku yanko reshe mai ɗauke da sashe mai rai da matacce, ku nannaɗe shi a takarda, ba a leda ba, ku kai wa malamin gona tare da abin da aka rubuta.